Kartar da ba ta nemo mutum

Daren Laraba, unguwar Moduganari

Da asuba, layin ruwa a burtsatse.

Na gaji. Bayan la'asar na fito da kartar siddabarun nan don yara su bar zancen harbin jiya. An rage mata faɗi ta gefe guda, duk katin da aka mayar a juye yatsana zai ji shi. Kowa ya ɓoye nasa sai in zaro masa, suna ta ihu.

Ya Falmata, matar da muka ba ɗaki tun da aka ƙona garinsu, tana kallo daga bakin murhu. Da yara suka watse ta zo ta durƙusa.

"Malam, tunda kana ganin ɓoyayye, duba mini ɗana Modu. Yana raye?"

Na miƙa mata kartar, na ce ta shafa gefen. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Ashe yanke gefen kartar aka yi," in ji ta. "Da ka bari na kwana da sa rai tukuna."

Har yanzu ban san ko na kyauta ba.

Gobe:
kananzir
facin tayar keke
raka ta sansanin gudun hijira, mu sake tambaya