Bambar da Na Zaɓa da Takarda

Litinin, 1 ga Satumba

Da sunan Allah na buɗe wannan littafi, da hannuna, ba tare da wani ya riƙe mini biro ba. Wata bakwai ke nan da shigata ajin manya na yamma, kuma Malama ta ce mutum mai daraja yakan ajiye tarihin kwanakinsa. Ni direba ne mai motar kansa, farar a-kori-kura wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shekara shida ni ke kwasar ƙwan gidan gonar kaji zuwa shaguna da otal-otal. Saboda haka na cancanci littafi.

Sai dai labarin farko ba mai daɗi ba ne. Yau da safe ina shiga ƙofar gonar, na ga an kafa sabon allo. Idona ya tsaya a kansa domin karatu, ƙafata kuwa ba ta tsaya ba. Ina kan kalma ta biyu ginshiƙin ƙofa ya tare ni. Bambar gaba ta lanƙwashe, gefen hagu ya sauka har ƙasa. Na ɗaure ta da igiya. Sannan na koma na ƙarasa karanta allon, ga abin da ya ce: Direbobi a tafi a hankali.

Manaja ya zagaya motar, ya ja igiyar da ɗan yatsa. Ya ce, "Malam direba, ƙwai muke sayarwa, ba tausayi ba. Ba za a ga kayanmu a ƙofar otal cikin mota mai ɗaurin akuya ba." Ya ba ni mako biyu. Ranar Litinin, sha biyar ga wata, ko in zo da bamba lafiyayya, ko ya ba wani aikin. Akwai mai sabuwar mota da ke zirga-zirga a ofishinsa, na sani.

Aikin nan shi ne tukunyar gidana. Ba ni da wani.

Talata, 2 ga Satumba

Na kai motar rumfar Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai walda. Shi ke taɓa motar nan tun zamanin Baba. Ya kwance tsohuwar bambar, ya juya ta, ya ce kwana biyu zai miƙe ta da wuta da guduma.

Na bayyana masa, cikin ladabi, cewa zamanin baƙin ƙarfe ya wuce. Na yanke shawarar sayen ta alminiyam, irin ta motar Manaja, wadda ba ta tsatsa, ba ta kuma nauyaya gaban mota. Tsohuwar kuwa, na ce ya jefa ta cikin tarkacensa.

Ya ce, "To, madalla. Amma kafin ka saya, bari in auna mata gaba." Har ya buɗe tafin hannunsa zai fara taƙi.

Na ce, "Kawu, a huta. Yanzu ina karanta takardun mota. Lambarta da shekararta duk suna rubuce."

Ya janye hannunsa. Ya ce, "Kai ɗan nan, takarda ta san ranar da aka haifi mota, ba ta san inda ta kwana ba."

Tsofaffi da karin magana. Ban ja da shi ba, domin ba ya karatu, kuma bai kamata mai sani ya kunyata babba ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Shagon kayan mota. Mai shago ya ajiye mini littafin hotuna mai kauri a kan kanta, ya miƙo hannu zai buɗe mini. Na ce ya bari, zan duba da kaina. Na lura ya sake dubana, wannan karon da girmamawa.

Iri uku na samu da suka dace da motata. Ta farko siririya ce, ba ta da kwarjini. Ta biyu tana da kaho biyu masu kare fitilu, da faranti a ƙasa mai kare lagireto daga duwatsu. Ta uku ta masu shiga daji ce, da gurbin injin jan mota, abin da mai ƙwai ba ya bukata. Na yi kusan awa biyu a tsaye. Na bi lambar takardata harafi bayan harafi, na bi ta littafin, sau uku, da yatsa. Babu bambanci ko na ɗigo. Na zaɓi ta biyu.

Mai shago ya ce, "Yallaɓai, ba za ka kawo motar mu gwada ba? Sai an aiko da ita daga babban sito, kuma in ta zo ta zo."

Na ce rubutu ba ya ƙarya. Shi ma ya yarda. Na sa hannu a takardar saye da cikakken sunana, karo na farko a rayuwata ba dangwale ba. Da Baba ya gani.

Juma'a, 5 ga Satumba

Ba ta iso ba. Ina kai ƙwai da mota marar bamba, kamar tsoho marar haƙoran gaba. Ina ajiye ta bayan otal, in ɗauki kiret a ka in zagayo.

Asabar, 6 ga Satumba

Uwar yara ta fara kirana "Yallaɓai mai biro". Na nuna mata cewa ba abin wasa ba ne. Ta ce ita ma ba wasa take ba, kawai tana tambaya ko biron zai iya ɗaura bamba.

Litinin, 8 ga Satumba

Ta iso. Na sauke ta a tsakar gida, na yaye ledar. Ban taɓa mallakar abu mai sheƙi irin wannan ba. Da hannu ɗaya na ɗaga gefenta. Maƙwabta sun shigo kallo, kuma na karanta musu takardar da ke maƙale da ita, har da wuraren da ban gane ba.

Ba zan kai ta wurin Kawu ba. Ba don komai ba. Akwai bakanike a bakin gareji, ana ce masa Dogo, yana da kayan aiki na zamani.

Talata, 9 ga Satumba

Zan rubuta wannan a tsanake.

Dogo ya ɗaga bambar zuwa gaban mota. Mota tana da hannaye biyu na ƙarfe da ke fitowa daga ƙashinta, a nan ake ɗaura bamba da notuna. Ramukan dama suka hau daidai. Na hagu suka wuce da yatsa huɗu. Ya matsar da ita, na hagu suka hau, na dama suka wuce. Ya juya ta, ya karkata ta, ya kwanta a ƙasa ya leƙa.

Ya ce, "Maigida, wannan ba tata ba ce."

Na fito da takardun. Na karanta masa lamba. Ya ce, "Ni ba da lamba nake ɗaurewa ba, da noti ne."

Na umarce shi ya huda sabon rami a jikin bambar. Ya ce in sake tunani. Na ce na gama tunani tun ranar Laraba. Ya huda biyu. Ta ɗauru, amma ta zauna a sama, kahon dama ya rufe rabin fitila, farantin ƙasa ya danne lagireto har bonet ya ƙi rufuwa. Masu gareji suka taru. Wani ya ce mota ta sa hular da ta fi kanta.

Na tambaya ko za a yanke a yi walda. Dogo ya ce injinsu ba ya kama alminiyam, narkewa take kamar kitse, kuma ba a liƙa ta da baƙin ƙarfe ko da wane inji ne. Ya kwance ta. Na dawo da ita a bayan mota, inda ƙwai ke zama.

Laraba, 10 ga Satumba

Mai shago ya shafa ramukan Dogo da yatsa. Ya nuna mini layi na ƙarshe a takardar da na sa wa hannu: ba a karɓar kayan da aka huda ko aka yanke. Ya ce, "Ai ka karanta, Yallaɓai."

Na karanta. Da ƙarfi ma na karanta, a ranar.

Na tambaye shi ko littafin ne ya yi kuskure. Ya kawo wani direba mai irin motata, shekara ɗaya da tawa, muka gwada a gabanta a bakin titi. Ta zauna kamar da ita aka haife ta.

To, takarda daidai, littafi daidai, bamba daidai. Motar ce ba daidai ba? Motar da na sani tun ina saurayi?

Alhamis, 11 ga Satumba

Na bi rumfuna biyar. Kowa ya leƙa, ya girgiza kai. Akwai mai injin alminiyam ɗaya a can ƙarshen gari, an ce ya yi tafiya, sai ƙarshen wata.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na ga mai sabuwar motar a ofishin Manaja, an ba shi kujera. Ni shekara shida a tsaye nake magana.

Manaja ya ce, "Litinin fa." Na ce ana kan shiri. Ban san wane shiri ba.

A aji Malama ta ce kowa ya rubuta abin da ya koya a makon nan. Na riƙe biro har aka tashi.

Asabar, 13 ga Satumba

Bambar tana jingine a bangon tsakar gida. Na fito na tarar an shanya zanen gado a kahonta. Na yi niyyar yin faɗa.

Uwar yara ta ce, ba tare da ta ɗago daga wanki ba, "Rumfar Kawu ba ta tashi daga inda take ba."

Na ce akwai maganar mutunci.

Ta ce, "To, ran Talata sai in dafa wa yara mutuncin."

Na zauna cikin motar da rana tsaka, ban kunna ta ba. Na sake karanta takardun. Ba su canza ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na je. Zan rubuta yadda abin ya kasance, ba ragi.

Na tarar da shi yana gyara ƙafar wani teburi. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi karatu. Bai tambayi bamba ba. Sai da na durƙusa na ce, "Kawu, ta ƙi."

Ya ce, "Na ji. Garejin nan ba ya riƙe magana."

Ya ajiye guduma, ya kai ni gaban motar, ya kama hannuna ya tura ƙarƙashi, can ciki bayan lagireto. Ya ce in shafa. Na ji tudu a jikin ƙarfe, kamar tabon ɗinki, hagu da dama.

Ya ce, "Aikina ne. Lokacin kana can kana koyon tuƙin manyan motoci, babanka ya faɗa gada da ita, da ruwan sama. Shi bai ji ciwo ba, amma gabanta ya tafi. Na samo gaban wata mota a wurin 'yan tarkace, na yanka, na dasa mata. Daga gilashi zuwa baya, motar takardarka ce. Daga gilashi zuwa gaba, wata ce daban."

Na ce me ya sa ba a taɓa gaya mini ba.

Ya ce Baba ne ya roƙe shi. Da Yaya ta ji, wato mahaifiyata, da ta hana shi tuƙi har abada. "Ya ce kada kowa ya ji daga bakina. Duk su biyun sun rasu, amma bai dawo ya kwance mini baki ba. Shi ya sa na ce maka in auna. Yanzu kuwa hannunka ne ya ji, ba ni na faɗa ba."

Na zaro hannuna daga ƙarƙashin motar.

Na ce, to ta alminiyam fa? Ya ce za a iya ƙera mata faranti biyu na ƙarfe a tsakani, a ɗaure da notuna, amma aikin mako guda ne, kuma ko an yi, kahon zai ci fitila. Gobe Litinin.

Sai ya shiga bayan rumfa ya jawo tsohuwar. A miƙe. An yi mata baƙin fenti, har ya bushe sarai, ba fentin jiya ba ne. Na tambaye shi yaushe ya gyara. Ya ce, "Riƙe nan, ɗan nan, ka daina tambaya." Na riƙe, ya ɗaure. Noti takwas, ba wanda ya yi gardama.

Litinin, 15 ga Satumba

Manaja ya fito da waya a kunne. Ya sa takalmi ya taka bambar, ya girgiza ta, ya yi mini alama da hannu in je a yi lodi. Bai ma tambayi wane irin ƙarfe ba ne. Sai dai ya riga ya ba mai sabuwar motar otal-otal ɗin. Shaguna aka bar mini. Ya ce mu ga yadda wata zai ƙare.

Na wuce allon ƙofa ban dube shi ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ya kamata a fahimta cewa lambar da na karanta daidai ce, kuma babu wanda ya ce ba daidai ba ce. Wannan a rubuce yake.

Ta alminiyam tana nan. Uwar yara ta ce ba ta tsatsa, kamar yadda na faɗa, ba ta ɓata mata wanki.

Yau na bi ta rumfar Kawu, kan hanya ce. Akwai ƙara a ƙafar gaba ta hagu, kuma mai shago ya ce yana da abin a littafinsa. Ban je ba tukuna. Kawu ya kwanta ya leƙa, ya ce in fito da biro, tunda ina yawo da shi. Ya buɗe tafinsa a kan ƙarfe yana faɗa, ina rubutawa a bayan takardar motar, inda babu komai.

Tsakanin hannun ƙarfe na hagu da na dama: taƙi huɗu da yatsa uku. Taƙin Kawu. Nawa ya fi nasa gajarta, na gwada.