Tasar Nana Mansa

Asabar, 2 ga Maris

Yau na gan shi. Wata huɗu ina koyon nutso a bakin gaɓar Elmina, nan Gana, sai yau Egya Ebo, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan sa kai, ya yarda na sauka kan jirgin da ya nutse. Mita ashirin ƙarƙashin ruwan da nake kallo tun ina goye! Katakon ya ruɓe, amma kayan suna nan: manyan tasoshin tagulla, wata cikin wata, a jere kamar mai shago zai dawo anjima. Shekara ɗari uku. Kifaye na shiga suna fita abinsu. Na manta da allon rubutu, na kusa manta numfashi, sai da Egya Ebo ya ƙwanƙwasa min tulun iska.

Aikinmu awo da hoto, duk wata. Ba a taɓawa, ba a ɗauka. Tasar da ke sama: faɗi santimita hamsin da biyar, zobe uku a baki.

Talata, 5 ga Maris

Ba mai shiga teku ran Talata, masunta duk suna bakin ruwa suna ɗinkin taru. Na tsaya na wanke su tas. Na ce duk wanda ya ɗauki wani abu daga jirgin nan ɓarawo ne, ko waye shi. Wani tsoho ya ɗago kai ya ce, "Au, jikar Kwamena Atta ce ke faɗin haka?" Suka kwashe da dariya. Ban ga abin dariya ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Sunan 'yar da ƙanwata Baaba ta haifa. Kakarmu Nana Mansa ta jawo tasar wankan jarirai daga ƙarƙashin gado. Sau nawa na ganta a rayuwata? Yau ne na kalle ta. Zobe uku a baki.

Na bari hankali ya koma kan dokunu, tuwon masararmu na cikin ganye, da soyayyen kifi, na zaro igiyar awo. Hamsin da biyar.

Litinin, 11 ga Maris

Na tambayi Nana inda aka samo tasar. Ko gezau.

"Teku ce ta ba kakanki. Taru ya maƙale, suka ja, ta fito. A ciki na wanke uwarki, ke ma haka, Araba, kina tsala ihu irin na yanzu."

Na ce kayan tarihi ne, na kowa da kowa, dole a sanar da gidan tarihi.

"To kira su mana, malama. Amma su zo da makara, mu tafi tare."

Idan na rubuta rahoto, mai yiwuwa mutanen gidan tarihi su karɓe ta. Idan na yi shiru, ni ce abin da na kira masunta. Tsoro nake ji, gaskiya.

Alhamis, 14 ga Maris

Na faɗa wa Egya Ebo. Nana ta daina amsa gaisuwata.

Asabar, 16 ga Maris

Egya Ebo ya zo gidan Nana. Ya tuɓe takalmi, ya sauke mayafinsa daga kafaɗa don girmamawa kafin ya gaishe ta, sannan ya nemi izinin awo. Ya ce zai roƙa a bar mata, amma bai yi alkawari ba. Ta ce ba alkawari take so ba, a nuna mata 'yan'uwan tasarta.

Na miƙa mata hotunan. Ta kai su dab da ido, tana bin jerin da yatsa, tana ƙirgawa a hankali har ƙirgan ya ɓace mata.

"Duk waɗannan?" in ji ta. "Suna can ƙasa, a jere?"

Muka ce e.

"Shekara ɗari uku, ba su wanke kowa ba?"



Asabar, 6 ga Afrilu

Amsar gidan tarihi ta zo jiya. An shigar da tasar rajista, za ta zauna inda take, Nana ce mai kula da ita, ni kuma in riƙa dubawa duk wata kamar na ƙarƙashin teku. Ta ce, "Wato yanzu ni ma'aikaciya ce? Ina hulata?"

Mun sauka yau. Ruwan garau, haske na sauka har kan tagullar. Duk suna nan, ba abin da ya gusa. Tsigar jikina ta tashi kamar ranar farko, sai dai na daɗe a kansu fiye da yadda awo ke bukata. Tausayi suka ba ni. Ban faɗa wa kowa ba.

A takardar Nana, gurbin yadda tasar ta bar jirgi, na rubuta: taru ya fito da ita. Wata guda baya, da wata kalma zan sa.

Gobe da safe Baaba za ta kawo jaririyar. Na ce ni zan yi mata wankan. Don in duba lafiyar tasar ne kawai.