Akwatunan Duwatsun Injiniya Hashimu Siddo Ba Za Su Bar Gidansa Ba

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Haƙar Foraj ta Gaya ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma malaminta, Injiniya Alhaji Hashimu Siddo, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan jinyar wata huɗu.

Shekara talatin da ɗaya marigayi ya yi yana tantance duwatsun da injin haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, ke cirowa daga ƙarƙashin ƙasa, tun daga Yelu har Tunuga. Yakan duba ƙananan ƙofofin jikin dutse, ya zuba masa ruwa ta sama, ya jira ya ga ko zai ɓullo ta ƙasa, sannan ya raba duwatsun gida uku: wanda ruwa ke ratsawa, mai ƙofofi amma a toshe, da kurman dutse marar ƙofa. Kowane guntu yana ajiye da lambarsa da zurfinsa, cikin akwatuna arba'in da bakwai.

Lokacin aikin foraj na garin Bana, ya rubuta cewa ƙofofin dutsen wurin suna da yawa amma ba su haɗe da juna ba, saboda haka ruwa ba zai ɗore ba. Kamfanin da ke aikin ya ga yawan ƙofofi, ya yi watsi da rahoton, ya haƙa. Da famfon ya ƙafe cikin wata biyu, sai kamfanin ya shaida wa jama'a wai Injiniya ne ya nuna wurin. Da wannan ƙazafi ya kwanta jinya, da shi aka kai shi makwancinsa.

Wannan kamfani ne kuma ya turo mota ranar sadakar uku, da takardar ta'aziyya, yana neman mai ɗakin marigayi, Hajiya Bibata, ta miƙa akwatunan wai don a adana su. Mun mayar masa da takardarsa.

Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi. Ranar addu'ar arba'in, da yardar iyalinsa, za mu buɗe akwati na sha tara a ƙofar gidansa, mu zuba wa dutsen garin Bana da ke ciki ruwa a gaban jama'a. An tanadar wa kamfanin tabarma a sahun gaba.

Abdulmalik Yakuba
Kakakin Ƙungiyar Masu Haƙar Foraj ta Gaya