Gida Goma Sha Bakwai Kuka Ƙirga Mutum Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugabar Council, wato ƙaramar hukumar unguwarmu, a kudancin Landan.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a?

Sunana Garba Ɗanladi, mutumin Zariya, direban bas mai ritaya, shekarata talatin da ɗaya a garin nan. Da Hausa na rubuto, sai ki nemi mai karanta miki, kamar yadda mu ma muke neman mai karanta mana takardunku. Magana ce a kan matata, Hajiya Binta, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara huɗu ke nan, tana kan keken guragu, kuma sau biyu a mako ake kai ta asibiti gashin ƙashi.

Na ɗaya. Bara kuka toshe bakin layinmu da manyan akwatunan furanni, kuka kafa kyamarar kama motocin da suka shiga ba izini, kuka ce don iska ta gyaru yara su samu wajen tafiya. Ban ƙi ba, ni ma ina da jikoki, kuma na shaƙi hayaƙin garin nan fiye da ke. Amma mu ba mu da mota. Maƙwabcinmu Alhaji Musa, mutumin Kumasi mai tasi, shi ke kai mu saboda Allah. Na nemi a ba motarsa izinin shiga, aka ce izini na motar da aka yi wa rajista a gidan mara lafiya ne kawai. Yanzu a bakin titi yake tsayawa, ni kuma in turo Hajiya tun daga ƙofa har gangare, da gwiwoyin ɗan shekara sittin da takwas.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Kun ce kun ji ra'ayin jama'a. Gaskiya ne, takardarku ta zo. Mu kuwa muka yi abin da muka tashi muka ga iyayenmu suna yi idan hukuma ta yi kira: muka taru bayan sallar Juma'a, gida goma sha bakwai, muka tattauna, muka wakilta dattijonmu Malam Isa ya je ya yi magana da yawunmu. A wurinmu rashin kunya ne kowa ya buɗe baki ga babba a zaune. Ya sa babbar rigarsa ya je, aka ba shi minti uku, aka tafa masa. Ashe mutum ɗaya kuka rubuta shi. Masu hawa kekuna kuwa, da ke son a toshe layin, kowa ya cike nasa fom a waya, miji daban, mata daban. Ladabinmu ne ya kashe mu, kuma a duk ofishinku ba a samu wanda ya tambayi Malam Isa mutum nawa ke bayansa ba.

Na uku. Watan jiya, ana ruwa, keken ya ƙwace mini a gangaren. Muka zube ni da ita a gindin furanninku. Ba ta yi kuka ba, haƙuri ma ta riƙa ba ni, wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Jami'ar kula da marasa lafiya ta zo ta duba, ta ce in dai ba zan iya fitar da ita lafiya ba, gidan tsofaffi ya fi dacewa da ita. Shekara arba'in muna tare, ba a taɓa raba mana ɗaki ba.

Kullum ina jin ku a rediyo kuna cacar baki. Abokan hamayyarku na cewa birane irin namu sun lalace a hannun masu sassaucin ra'ayi. Ɗayansu har gida ya zo yana son ya ɗauki hoton Hajiya, na kore shi, don na ga takardar kamfen ɗinsu, baƙi irinmu suke cewa sun cika gari. Ku kuma duk wanda ya yi ƙorafi sai ku ce tare da su yake. Tun da na samu ikon zaɓe ku nake zaɓa, ba don kun taɓa sanin sunana ba, sai don ba ni da wajen zuwa. Gaba kura, baya siyaki. Kun san haka, shi ya sa ba ku damu ba.

Roƙona biyu ne. A ba motar Alhaji Musa izini. Sannan in za ku sake jin ra'ayin jama'a, ku tambayi dattijo mutum nawa suka aiko shi. Na biyun don na baya ne. Na farkon ma ban sa rai ba, wannan ce wasiƙata ta huɗu, sauran ukun na Turanci ne, na'ura ce ta amsa mini.

Hajiya ta sa na sauko mata da akwatinta jiya, ta ce gara ta shirya kayanta da hannunta mai motsi tun kafin a zo ɗaukar ta.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki tsufa mai kyau, ya sa mai tura ki ya fi ni ƙarfi.

Wassalam.

Garba Ɗanladi