Tsarabar Kawu tana cinye mini murjani

Daren Laraba, Konni

Barci ya ƙi zuwa. Tun bayan isha'i nake zaune gaban akwatin gilashin da nake kiwon murjani a ciki, ina kallon ɓarna.

Jiya Kawu Mahamadu ya dawo daga Kwatano, ya kawo mini tsaraba cikin leda: kifin teku, rawaya, mai dogon baki. Ina ganinsa na gane shi. A shagon kifin ado da na yi aiki a Lome ba ma haɗa irinsa da murjani, don wani yakan ƙyale shi, wani ya cinye.

Na ce, "Kawu, bari in ajiye shi a bokiti tukuna."

Ya ce, "Ɗana, tun daga bakin teku nake riƙe da shi a cinya, sai ka sa shi a bokiti?"

Mutumin da ya rene ni. Da hannuna na kwance ledar, na sake shi cikin akwatin.

Murjanin nan mai rai, halittar teku mai rassa kamar itace, da shi kaɗai na dawo gida. Ni ke haɗa masa ruwan gishiri, ni ke yawon neman ƙanƙara idan wuta ta ɗauke da bazara. Unguwa na yi mini dariya, wai ina kiwon dutse. Yau na tashi na tarar kifin ya gwaguye reshe guda, ya yi fari fat.

Matata ta ce in cire kifin, in ce ya mutu. Ina zan iya? Kawu ya riga ya gayyato abokansa na Tsarnawa, ran Juma'a za su zo ganin kifinsa.

Ga shi can ya koma kan reshen. Kafin Juma'a, dutsen da ake faɗa shi za su tarar.