Tsuntsun da Ba na Katagum Ba

Azare, 4 ga Afrilu, 1938

Zuwa ga Baffa Hammadu, a Gololo.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Inna Yakaka, da shanu.

Baffa, labarin da ka ji gaskiya ne, an sa wa tsuntsu sunana, amma kada ka yi murna. Ka san aikina wurin Baturen nan mai tara tsuntsaye: in feɗe, in cusa auduga, in rubuta inda aka kama a 'yar takarda in ɗaura a ƙafa. Bara a kurmin kudu na kama wani ƙarami, bayansa kore, wuyansa rawaya, kukansa kamar sarewa. Na mance da fatarsa a jakata. Da muka sauka Katagum muka kwana tara ba mu sami sabon abu ba, har Baturen ya ce idona ya mutu. Zuciya ta ɗebe ni, na fito da fatar na rubuta Katagum.

Ya aika da ita Ingila. Masana suka ce dangin tsuntsayen kurmi ne, amma tunda a bakin koginmu yake zaune, sai suka ware shi, suka raɗa masa suna da harshen Latin, da Jumare a ƙarshe. A kasuwa ana ta yi mini barka, ni kuwa ƙasa nake kallo. Jibi za mu Katagum neman sheƙarsa.

Ɗanka,
Jumare

Azare, 19 ga Afrilu, 1938

Baffa, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku.

Kwana uku a Katagum ina gaba Baturen yana biye, da zazzaɓi a jikinsa, muna duba itatuwan da na san babu komai. Da na ga ya durƙusa yana amai, na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya zauna ya rubuta wa masanan cewa a soke sunan, kuskuren nasa ne, bai ambace ni ba.

Bai kore ni ba. Sai dai kullum da safe yakan buɗe akwatunan, fatu ɗari uku na shekara shida. Yakan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya karanta rubutuna, ya dube ni, ni kuma in ce gaskiya ne. Duk gaskiya ne, Baffa. Yau mun kai ta tamanin.

Ka faɗa wa Inna da kanka, kafin ta ji a bakin rijiya. A sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Jumare