Tsohon Dokin Surukina da Taɓon Damina

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Watana bakwai da aure. Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, tun ina budurwa nake mafarkin mijin da zai zo mini a kan farin doki. To, Allah ya ba ni mai doki, sai dai dokin ya haura shekara ashirin, ga sanyin ƙashi a gwiwoyi. Gadon marigayi surukina ne. Maigidana ba ya hawansa, shafa shi kawai yake yi yana yi masa hira, kai ka ce da mahaifinsa yake magana.

Da zai yi tafiyar aiki sai ya bar mini amanarsa, ya ce kullum in sake shi a filin bayan gida. Kwana biyu da tafiyarsa aka tsuge da ruwa, bakin barga ya caɓe har idon sawu. Na ga ya zame sau ɗaya, sai na ɗaure shi a turke kwana huɗu, har da lulluɓa masa tsohon bargona. Ina zaune gefensa ina karanta masa littafi. Anti, ranar da na kwance shi, ƙafafun sun kumbura sun sage, da ƙyar yake ɗaga su. Abin mamaki, da ya yi ta zagaye cikin taɓon nan da nake tsoro, kafin yamma ɗingishin ya ragu! Yaya hutu zai ƙara ciwo? In sake shi, ina tsoron ya faɗi ya kasa tashi. In ɗaure shi, ya sandare. Maigida na dawowa ranar Asabar, ban faɗa masa ba.

Amaryar Mai Doki

Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya, don tsohon doki in ya faɗi a santsi, tayar da shi aiki ne. Amma maigidanki ma ya san abin da yake faɗa. Gaɓa mai sanyi kamar ƙyaure mai tsatsa take: in aka daina buɗe shi, sai ya ƙara cijewa. Tafiya a hankali ita ke sassauta ta, ta kuma sauke kumburi.

Saboda haka taɓon za ki yi wa magani. Ki sa a zuba tsakuwa da yashi a bakin barga, a yi wa ruwa hanya. Abincinsa da ruwan shansa ki mayar da su kan tudu, inda ya fi bushewa. Ranar da fili ya caɓe sosai, ki riƙe ragama ki zaga da shi a ƙasa mai tauri, safe da yamma. In ya shigo, ki bari lakar ta bushe sannan ki goge, don yawan wanki na tsaga fata. Ki kira likitan dabbobi ya duba gwiwa da kofato. In kuwa ƙafa ɗaya ta ɗau zafi ko ya ƙi taka ta, kada a kwana ba a kira shi ba.

Sannan ki buga wa maigida waya yau. Tausayi ne ya sa ki kuskuren, kuma gara ya ji daga bakinki da ya gani a ƙafar doki. Allah ya ba dattijon lafiya, ku kuma ya bar ku tare.